Sawun Da Ya Fito Daga Kogo

Mai shara ce ta fara ganinsa. Ta shiga kogon da sassafe kamar kullum, tsintsiya a hammata, ta bi gadar katakon har ƙurya, inda ramin nan yake da baƙi ke son leƙawa suna riƙe baki. Sai ta tarar katakon da aka kare bakin ramin da shi ya karye. Da ta haska fitila ƙasa ta hango dattijon nan mai farar hula, baƙon da ya zo hutu tare da 'yarsa, kwance a kan dutse a gefen ruwa, rai ya yi halinsa.

Mutuwar ta girgiza mutane, Allah ya jiƙan bawan Allah. Amma abin da ya hana su haɗiye yawu shi ne sawun.

Kogon nan shi ne abincin garin. Duk safiya motar masauki takan kwashi baƙi ta kai su wurin ruwan da ke zubowa daga kan dutse, daga nan a biya kufan tsohon ƙauye, a ƙare da kogon, inda mutanen zamanin da can suka zana shanu da tafukan hannu a bango da jar ƙasa. Baƙi a kan gadar katako suke tafiya. Tsakanin gadar da bangon akwai yashi mai laushi, kuma kowace yamma Mai Makulli, tsohon da ke gadin kogon, yakan bi shi da manjagara ya daidaita shi sumul kafin ya kulle ƙofar ƙarfe. A kan wannan yashin, a safiyar nan, akwai sawun mutum guda. Ya taso daga bakin ramin ya nufo ƙofa. Na shiga kuwa babu shi.

Kafin hantsi ya dubi ludayi gari ya rabu biyu. Wasu suka ce abin da ke cikin ramin ne ya fito, da ma sun sha faɗa a daina haske masa ido da fitila. Wasu suka ce a bar wannan zance, jiya kowa ya ji Mai Makulli yana zazzaga wa dattijon faɗa don ya miƙa sandarsa ya taɓa zanen, ga shi makulli ɗaya ne tak, kuma da safe ƙofa a kulle take. Sajan ɗan sandan garin dai ba shi da ankwar da za ta shiga hannun aljani, sai ya kama wanda zai kamu. Ya zaunar da Mai Makulli a ɗakin tikiti, ya ce da la'asar mota za ta zo daga birni ta tafi da shi.

Mai Makulli kuwa yayan Mai Sawu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya rene shi.

A kan dutse aka iske Mai Sawu, inda yake yini. Aikinsa nemo baƙon da ya ga tsuntsu ya bi shi har ya ɓata, ko akuyar da ta yi wa mai ita tawaye. Mutum ne da bai iya kallon fuska ba, in kuna gaisawa ƙafarka yake gaisarwa. Da aka faɗa masa, abin da ya fara zuwa ransa ƙirjin yayansa ne. Tsohon yana fama da tari tun bara, kwana biyu a bayan kanta ya isa a dawo da shi a kwance. Ya sauko da sauri, tsoro fal cikinsa.

*

Kogon yana da sanyi irin na randa. An riga an fitar da gawar, sai ɗigar ruwa kawai ake ji daga can ƙasa, tana ɗiga tana tsayawa kamar mai sauraro. Mai Sawu ya durƙusa a gefen gadar, ya kwantar da fitila a ƙasa yadda hasken zai kwanta a kan yashin.

"Me ka gani?" in ji Sajan.

"Takalmin robar masauki ne."

"Irin na yayanka ke nan."

"Irin na mai shara ma, ranka ya daɗe, da direba, da Manaja ranar da aka yi ruwa. Buhu guda aka sayo aka raba."

Ya bi sawun da ido, taku bayan taku. Ya san tafiyar kowa a garin nan, har ya san wanda ƙafarsa ke ciwo kafin matarsa ta sani, amma wannan tafiyar ba ta kowa ba ce. Yatsu ne suka fara sauka, diddige ya biyo baya, kuma ɗan yashin da ƙafa ke watsawa ya zuba ta bayan diddige, wajen ramin. Wato wanda ya bar sawun ba fitowa ya yi ba. Shiga ya yi, da baya da baya.

Wannan bai dame shi ba, ya sha ganin ɓarayin shanu sun yi wannan dabarar. Amma ɓarawo in yana tafiya da baya takunsa gajere ne, yana tangaɗi, ƙafa tana murɗewa duk sanda ya waiwaya. Wannan kuwa taku ne na natsuwa. Ko a kwanar da duhu ya fi yawa bai waiwaya ba. Kuma nan da can yakan tsaya ya haɗa ƙafafu, ya daɗe, kamar mai hira, sannan ya ci gaba. Wane irin mutum ne zai shiga duhu da baya hankalinsa kwance, ya nufi bakin rami? Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya roƙi Sajan kada a bar kowa ya taka wurin.

*

A ɗakin tikiti yayansa yana zaune a kan benci, hannu a kan gwiwa, yana kallon bango.

"Yaya, jiya ka share yashin?"

"Na share."

"Makullin fa?"

"Yana inda yake zama."

"A ƙusar bayan ƙofarka? Wa ya shigo wurinka da yamma?"

Tsohon ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Ka koma kan dutsenka. Wannan ba neman akuya ba ne."

"Tafiya za su yi da kai, Yaya."

"To sai me? Ba a taɓa tafiya da wani ba?"

Suna cikin haka 'yar Mai Sawu ta shigo da butar shayi. Ita ce ɗaya daga cikin jagorori biyu masu zagayawa da baƙi, ita kaɗai gare shi, kuma da yake sunan mahaifiyarsa ta ci, Uwata yake kiranta. Idonta ya kumbura, amma ranar nan idon wa bai kumbura ba? Ta zuba wa baffanta, ta juyo.

"Baba, ka sa wani abu a cikinka kuwa?"

"Sai anjima, Uwata. Ke ma aiki za ki fita yau?"

"Manaja ya ce baƙi ba makoki suka zo kallo ba. Kogo ne kawai aka rufe."

Baffan bai taɓa kofin ba, bai kuma ɗaga kai ba har ta fita.

*

'Yar mamacin tana zaune a barandar masauki, sandar mahaifinta a kan cinyarta. Mace ce mai kamun kai, irin waɗanda kukansu sai sun shiga ɗaki.

"Ya ce min zai ɗan taka," in ji ta. "Na ɗauka ya dawo ya kwanta, ɗakinmu ba ɗaya ba. Tun da muka zo yake maganar wani haske. Wai dab da faɗuwar rana haske yana shiga ta wata tsaga, tafukan hannun nan su yi ja kamar yanzu aka ɗora su. Amma kafin lokacin an kulle. Duk wanda ya gani sai ya roƙe shi ya kai shi ya ga hasken."

"Wa ya amsa masa?"

"Ban sani ba. Amma malam, babana ko ɗakina ba ya shiga sai na ce ya shigo. Ba zai saci hanya ba. Wani ne ya kai shi."

Daga nan ya gangara wurin mai shayi, wata dattijuwa da rumfarta ke bakin hanyar kogon, wadda ba abin da ke wuce ta sai iska. Yau kam bakinta ya yi nauyi. Sai da ta wanke kofi ɗaya sau biyu kafin ta yi magana.

"Na ji murya. Bayan magariba. Daga ciki."

"Ihu?"

"A'a. Kira ne, a hankali. A yi, a tsaya, a sake."

"Sai kika yi yaya, Inna?"

"Sai na kwashe kofunana." Ta dube shi da ido jajir. "Kada ka kalle ni haka. Ba ni kaɗai na ji ba, duk layin nan an ji, kowa ya ja ƙofarsa. Wa zai amsa kiran da ya fito daga wannan ramin? In mutum kake nema, ka tambayi Aku abin da yake yi a bayan dutsen ƙofa da yamma."

Aku shi ne ɗaya jagoran, kuma sunan ya bi jiki. Mai Sawu ya same shi yana jiran motar baƙi, bai ma gama tambaya ba Aku ya fara zuba.

"Kawu, wallahi taba na je sha. Matata ta rantse in ta sake jin warinta a bakina gidansu za ta tafi, ni kuwa na ɗauki rantsuwar mata da muhimmanci. Eh, tsohon ya roƙe ni, na ce masa ni da kogon nan bayan an kulle sai dai gaisuwa daga nesa. Ka je ka duba, guntayen suna can."

Suna can kuwa, da sawunsa ya je ya dawo, bai kusanci ƙofa ba. Duk da haka zufar da ke goshin Aku ta yi yawa ga mai laifin taba. Mai Sawu ya ƙudura a ransa zai bi shi ya ƙara duban takunsa a sarari, sai ya kama hanyar kufai inda motar za ta tsaya.

*

Kufan shiru ne da shi, irin shirun wurin da aka taɓa yin hayaniya. Bangaye sun zube rabi, ƙofofi suna tsaye ba ɗakuna a bayansu, turmin dutse ya cika da ganye. Mai Sawu ya zauna a gindin wata bishiya. Da motar ta iso sai ya ga ashe Aku ya tsaya da rabin baƙin a wurin ruwa. 'Yar Mai Sawu ce ta sauko da sauran.

Rabonsa da ya ga aikinta tun tana koyo, shi da kullum yana kan dutse. Ta tara baƙin, ta juyo ta fuskance su, ta fara bayani, tana magana tana ja da baya, su kuma suna bin ta kamar 'yan tsaki. Ta zo kusurwar rusasshen bango ta karya kwana ba ta waiwaya ba. Ta zo inda saiwa ta fito ta ɗaga ƙafa ta tsallake ta, idonta na kan wata baƙuwa mai tambaya. A bakin tsohuwar rijiya ta tsaya, ta haɗa ƙafafu, ta ɗaga hannu tana nuni. Har ga Allah abin da ya fara ji alfahari ne, ya ce a ransa yarinyar nan ta iya aikinta.

Da suka wuce sai idonsa ya koma inda ya saba komawa.

Yatsu sun fara sauka, diddige ya biyo baya. Ƙura ta zuba ta bayan diddige. Taku na natsuwa, babu murɗewa.

Ya daɗe a durƙushe. Tun tana rarrafe ya san sawunta, amma mai zuwa gaba ya sani, bai taɓa karanta ta da baya ba. Babu wanda ya ga abin da ya gani. Zai iya komawa ya ce wa Sajan yashi bai yi magana ba, rabin gari su ci gaba da aljaninsu, mota ta zo ta ɗauki wanda aka ce za ta ɗauka. Ya tuna tarin yayansa. Ya tuna kiran da aka ce ana yi ana tsayawa. Bai tashi ba sai da inuwar bishiyar ta bar shi a rana.

*

Da la'asar motar birni ta iso, Mai Sawu ya roƙi Sajan alfarma ɗaya kafin a tafi. Aka taru a bakin kogon daga ciki: Sajan da Mai Makulli, Manaja yana ta duba agogo, mai shayi a maƙale da ƙofa, 'yar mamacin, Aku, da 'yar Mai Sawu.

"Yallaɓai Manaja, hau gadar nan, kai ne baƙo," in ji Mai Sawu. "Aku, sauka kan yashi, ta gefen bango, kada ka taka sawun. Zagaya da shi yadda ka saba."

Aku ya sauka, ya juyo ya fuskanci Manaja, ya fara ja da baya yana zuba bayani. Bai yi nisa ba mai shayi ta dafe ƙirji. Sawun da yake bari yana kallon ƙofa, alhali ciki yake shiga. Kullum a gabansu ake wannan tafiya, ba wanda ya taɓa duban ƙasa, manjagara kuma tana shafe ta da yamma.

"Babu abin da ya fito daga rami," in ji Mai Sawu. "Jagora ne ya shiga da baƙo. Baƙon yana kan katako, shi ya sa bai bar sawu ba. Jagoran kuma ta kan katakon ya koma."

Sajan ya matsa kusa da Aku. Amma kowa ya ga yadda Aku ke waiwaye duk bayan 'yan taku, ƙafarsa tana murɗe yashi, har ya yi tuntuɓe a kwanar duhu. Nasa sawun da wancan ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne.

Mai Sawu ya hau gadar da kansa. Ya juyo wajen 'yarsa.

"Uwata. Zagaya da ni."

"Kai," in ji Mai Makulli daga baya. "Bari."

Ta dubi baffanta, ta dubi mahaifinta. Sannan ta sauka kan yashin, ta fuskance shi, ta fara ja da baya. Bai zaci za ta yi magana ba, amma baki ya saba. A hankali, da muryar da ba ta fi raɗa ba, ta ce barka da zuwa, a kula da kai a nan rufin ya yi ƙasa, waɗannan shanun su ne mafi tsufa. Yana bin ta a kan katako tana shiga duhu, idonta cikin nasa. Inda wancan sawun ya tsaya, nan ta tsaya. A kwana ba ta waiwaya ba. Da diddigenta ya kusa bakin ramin ta haɗa ƙafafu ta yi shiru, sauran suka iso da fitila suka ga layi biyu a jere kamar tagwaye.

"Roƙona ya yi ta yi, Baba," in ji ta. "Ya ce ba zai sake dawowa ba, tsufa ya zo. Na kai wa Baffa abinci, yana ci na zare makullin. Ya ga haskensa, ya yi ta murna. Sai ya jingina da katakon."

Sajan ya waiwaya ya dubi ruɓaɓɓen katakon, ya dubi Manaja, Manaja ya daina duba agogo.

"Na kira shi, ya amsa. Na fita da gudu zan kira mutane. Da na kai ƙofa na ga makullin a hannuna, sai na tuna ni na sato shi, ni na kawo shi. Na ce za a ce ni na kashe shi." Ta dubi wajen ƙofar. "Sai na kulle."

"Ya amsa?" 'Yar mamacin ce, muryarta a daidai. "Kin ce ya amsa?"

"Ya amsa, Hajiya. Ya ce in yi a hankali kada ni ma in faɗi."

A nan ne matar ta zauna a kan katakon, kamun kan ya ƙare.

*

A waje rana ta yi sanyi. Sajan bai sa mata ankwa ba, ya buɗe mata ƙofar mota kawai, ta shiga ta sunkuyar da kai. Mai Sawu ya juya wajen yayansa, wanda ke tsaye a kan matakala yana haki, ya miƙa hannu zai riƙe shi. Tsohon ya janye hannunsa.

"Wa ya aike ka?"

"Yaya, da ba ka dawo ba in sun tafi da kai."

"Na ce maka ina son dawowa? Tun jiya na sani. A gabana ta mayar da makullin. Ni na ci zamanina. Ita fa?"

"Mutum ta kulle da ransa, Yaya. Kai kuwa ba ka yi komai ba."

Mai Makulli ya dube shi, karo na farko a ranar.

"Ɗakina ya fi rumfar mai shayi kusa da kogon," in ji shi. "Ni ma na ji kiran. Na san murya ce ta mutum, na san kuma in na buɗe sunan wa zai ambata. Makullin yana ƙusa, ina zaune ina kallonsa har kiran ya daina. Ai da ka bar su sun tafi da ni."

Ya sauka matakalar shi kaɗai, yana dafa dutse, ya kama hanyar gida. Motar ta tashi ta yi ɗaya ɓangaren. Mai Sawu yana tsaye a tsakiyar hanya, bai san wanda zai bi ba.